Ƙullin Kinin ɗin Yaya

Yayata, wadda nake bi wa, mai wabi ce. Ta haihu ta haihu, babu wanda ya zauna. Yaro zai taso kamar gaske, ya yi rarrafe, wani har ya fara kiran inna, sai damina ta yi tsaka jiki ya ɗauki zafi, kwana kaɗan a naɗe shi cikin ƴar tabarma a fita da shi. Har mutanen ƙauyenmu sun saba, in gero ya fara ciki sai a riƙa kasa kunne wajen gidanta. Daga baya Allah ya bar mata ɗiya guda, wata ƴar baƙa mai manyan idanu da ƙiriniya, wadda ta ƙetare yaye, ta ƙetare fari da yunwar da anka yi, har ta fara bin awaki zuwa bakin rijiya. Yaya ba ta da komi duniya sai ita. In ɗiyar nan ta yi atishawa, sai Yaya ta aje taɓarya ta zo ta taɓa mata goshi.

Ni kuwa unguwarzoma ce, aikin da na gada wurin uwarmu. Shekarar da ruwa ya dawo bayan fari, gwamnati ta ce kowane ƙauye ya ba da mace guda a koya mata karɓar haihuwa da tsabta, da ba da ƙananan magunguna. Maigari ya ce ni, don ya san bakina ba ya jin tsoron kowa. Anka kai mu garin da gidan likita yake, can ƙetaren ƙorama, munka yi ƴan kwanaki ana nuna mana. Na dawo da akwatin katako mai kwaɗo, cikinsa reza sabuwa da zare da jan magani da gwangwanin kinin. Ranar da na shigo gari da shi bisa kai, wallahi ji nake kamar ni ce kumandan mai mulkin yankin.

Wanda ke riƙe da gidan likitar, Majo muke ce masa, ba baƙo ba ne. Ɗan kawunmu ne, taubashina, tare munka yi wasan ƙasa kafin a kama shi a kai lakwal, makarantar boko. Ko gaban mutane, da farar rigarsa da komi, baiwa yake ce mini, ni kuma in ce masa ɓarawon fura, don yana yaro ya sha shanye wa uwarmu fura ya ce akuya ce. Saboda haka abin da ya fito bakinsa ban taɓa sa shi ma'auni ba. Shi ya koya mana cewa masassarar damina sauro ke kawo ta, ba nonon damina ba kamar yadda tsofaffi ke faɗi. Ya ce in yaro na haɗiye kinin sau guda kowane mako, tun daga ruwan shuka har a yanke gero, ko ta kama shi ba ta kayar da shi. Rigakafi ke nan, kuma kyauta ne.

Da farko rabon wata guda nake zuba wa kowace uwa cikin tafin hannu, in ce ta riƙa ba yaranta. Ashe aikin banza nake yi. Mutanen da sunka fito daga yunwa ba ka ba su abu ka ce su cinye alhali ba su buƙata. Kowace sai ta ƙulle nata cikin tsumma ta tura ƙasan jeren ƙorai, kamar yadda ake ɓoye iri. A gidan Yaya na fara ganewa, na kuwa sauke mata kwandon faɗa.

Ta bari na gama, ta ce, "Ke Auta, kin taɓa ganin an ɗura wa ƙosasshe tuwo? In ta sha yau tana wasanta, ranar da ta kwanta mi zan ba ta?"

Na ce, "Yaya, ai don kar ta kwanta ake ba ta."

"To in ta sha kuma ta kwanta?"

"Sai ki zo wurina, ga akwati."

"In akwatin ya ƙare fa?"

"Haba Yaya! Na gwamnati ne, ba ya ƙarewa."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Hatsin ma da sunka ce za su kawo, kin ga inda ya tsaya."

Na ga gardama ba za ta fisshe ni ba, sai na sake dabara. Kowace Juma'a da hantsi nakan zauna gindin gawon ƙofar maigari, a kawo mini yara, in murje ƙwaya cikin ludayi da ruwa, in toshe hanci in ɗura, sai na ga maƙogwaro ya motsa in saki. Yara na hango ni su watse cikin gero, har sunka laƙaba mini Inna mai ɗaci. Ɗiyar Yaya ta taɓa gantsara mini cizo a yatsa, na ce ja'ira, gado kinka yi. Ƙullin da mata sunka riga sunka ɓoye kuwa na ƙyale musu abinsu, na yi kamar ban sani ba. Daminar nan ta wuce ba mu yawaita zaman makoki ba, ɗiyar Yaya ko kwana guda ba ta kwanta ba. Na yarda da rigakafi, kuma har yau da nake ba da wannan labari ban daina yarda da shi ba.

Damina ta zagayo, anka aiko mini gwangwani bai cika ba. Kafin gero ya kai gwiwa na fara jin ƙarar ƙasansa. Na ɗaura zane na ƙetare ƙorama, lokacin yashi ne kawai cikinta, na iske Majo buro ɗinsa, ɗakin da yake aiki. Na ce masa kinin ya yi ƙasa.

Ya ce, "Ku dai ƙauyenku haɗiya kunka iya." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Can sama gardama ake yi, baiwa. Wasu na cewa ƙwayar da ake zuba wa yara masu lafiya ɓarna ce, gara a tara ta a gidan likita a ba wanda ya kwanta. Fari ya tatse gwamnati, ba kamar da ba."

Na ce, "Su masu faɗin haka sun taɓa wanke gawar yaro? A je a tambaye su, ƙwaya da likkafani wane ya fi arha?"

"Ke ya kamata a sa mota a kai can ki yi musu bayani."

"Bar zancen wasa. Wa ya ci gardamar?"

Ya dubi taga, ya ce ba a gama ba tukuna, motar magani ma na hanya, ruwa ne ya ɓata mata hanya. Sannan ya gaya mini akwai manyan baƙi da za su zo, na babban birni da wasu turawa masu ba da taimako, kuma ƙauyenmu za a kai su su ga rigakafi da idonsu. Don haka kar in yarda Juma'a ko guda ta wuce. Ya ce ya san matan ƙauyenmu na da ajiya, in bi gida-gida in karɓo aro, ranar da mota ta iso kowace a mayar mata har da ƙari.

Na ce, "Ka tabbata, ɓarawon fura?"

Ya ce, "Haba baiwa! Ni zan kai ki in baro ki?"

Haka na bi ƙauyen nan gida-gida da ƙwaryata. Ba da sunan gwamnati nake roƙo ba, don ba wadda za ta ba ni, da sunana nake roƙo. Wannan na karɓi haihuwarta, waccan na zauna da ita ranar da mahaifa ta ƙi faɗowa, wa za ta dube ni ta ce babu? Sunka riƙa ɗaga ƙorai suna fiddo tsummoki suna miƙo mini. Gidan Yaya na bari ƙarshe, don na san nan aiki yake. Ta ce ba ta da komi. Na ce Yaya, ni za ki yi wa haka? Ta ce to tana da shi, amma ba ta bayarwa. Na zauna bakin turmi na ce ba ni tashi. Na ce mata in yayata ta hana ni, da wane ido zan dubi sauran mata? Na ce da hannun nan nawa na yanke wa ɗiyarki cibi, ni ce zan cuce ta?

Can ta shiga ɗaki, na ji tana sauke ƙorai ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da ƙulli cikin baƙin tsumma, ya fi na kowa girma, ashe har wanda take samu wurin ƴan tebur a kasuwar Badagishiri in ta kai tabarmi nan take ƙarawa. Ta sa mini cikin hannu, ta riƙe hannun ba ta saki ba.

Ta ce, "Auta, ba Majo na ba ba, ba gwamnati na ba ba. Ke na ba."

Baƙi sunka zo da motocinsu. Anka jera yara gindin gawo an wanke musu fuska, na zauna ina murzawa ina ɗurawa, Majo na tsaye yana ta zuba faransanci yana nuna ni. Anka ɗauki hoto, wata doguwar baturiya ta girgiza mini hannu, maigari ya ba su kaji. Babban likitan da ya zo da su ya dafa kafaɗar Majo gaban kowa. Ƙurar motocinsu ta kwanta, ba a daɗe ba gwangwani ya ƙare ƙarƙaf. Na aika, anka ce mota na hanya. Na sake aikawa, mota na hanya. Sai marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana, sauro ya taso, ƙorama ta kawo har ta shafe gonakin da ke bakinta.

Wata safiya ina tankaɗe Yaya ta shigo ko sallama babu. Ta ce jikin ɗiyar kamar garwashi, tun jiya ba ta ci komi ba, in ba ta ƙullinta. Na ɗauko akwati na buɗe gabanta, ban san dalilin da ya sa na buɗe ba, don na san abin da ke ciki. Ta leƙa gwangwanin ta dube ni. Munka bazama cikin gari, ni gabas ita yamma, ko wata ta yi mini wayo ta rage guda. A rayuwata ban taɓa fatan a ce an yi mini ƙarya ba sai ranar. Babu wadda ta rage, duk sun yarda da ni.

Munka dafa ganyen dogon yaro munka yi mata surace, munka jiƙa sabara. Mijin Yaya ya je bakin ƙorama ya dawo ya ce ko raƙumi ba ya shiga. Haka munka zauna muna kallon ɗiyar nan tana ƙonewa, muna jiran ruwa ya janye. Da ya ɗan sauka zuwa ƙirji, ya ɗora ta bisa wuya ya shiga, mu muna biye muna riƙe da juna. Kafin lokacin ta riga ta fara fizge-fizge, idanu sun juye, haƙora sun datse.

Gidan likita cike yake da mata da yara har waje. Majo na ganinmu fuskarsa ta sauya. Ya murje ƙwaya cikin cokali ya gwada, bakin ya ƙi buɗuwa, abin da ya shiga ya dawo ta gefe. Ya ce allura take so. Na ce to mi kake jira? Ya ce babu, an daina kawo ta kyauta, yanzu sai dai ya rubuta ordonas, takardar sayen magani, a tafi farmasi a Konni a sayo. Ya rubuta takardar. Mota ba ta wucewa sai bayan azahar, sai ya ce in shiga gidansa nan baya in sha ruwa, Yaya ta zauna da ɗiyar.

Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo fura tana yi mini sannu. Muna zaune ta ƙwala wa yaranta kira, ta ɗauko wata kwalba bisa kanta, ta ba kowane rabin ƙwaya da ruwa. Ta ga ina kallo, ta ce, "Ai Allah ya sa babansu ya yi dabara. Tun kafin ruwan shuka, da anka gaya musu an yanke rigakafin ƙauyuka, ya keɓe musu nasu."

Na ce, "Mi kinka ce?"

Ta sake faɗi, har da ƙarin cewa ranar da labarin ya zo masa ko tuwo bai ci ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na iske shi yana duba wani tsoho, na tsaya tsakiyar ɗakin, mutane cike. Na ce, "Majo, tun yaushe ka san babu wata mota?"

Ya ce in zo mu shiga ciki. Na ce nan zan ji. Sai ya fara yi mini lissafin duniya. Wai an hana su faɗi sai baƙi sun zo sun tafi, don in turawan sun ga abin na tafiya wataƙila su ɗauki nauyinsa. Wai abin da ƙauye guda ke haɗiyewa yana lafiya ya isa ya ta da marasa lafiyar ƙauyuka da yawa. Wai gwamnati ba ta iya ɗaukar hatsi da magani da albashi duk lokaci guda, dole a aje wani. Wai shi ƙaramin ma'aikaci ne, abin da anka ce shi yake yi.

Na ce, "Duk na ji. Wataƙila ma suna da gaskiya, ni ban yi lakwal ba. Ban ce ka sa a buga ganga a kasuwa ba. Magana guda cikin kunnena ta isa, ka ce baiwa, karɓi na kowa amma bar wa Yaya nata. Gwamnati ba ta san Yaya ba. Kai ka san ta, ta goye ka, ka san yara nawa anka fitar daga ɗakinta cikin tabarma. Ka tuna da naka ka keɓe musu, ita kuwa ka aike ni in kwance mata zane a kasuwa. Allah wadai, Majo. Ashe gaskiya ne da ɗan gari akan ci gari."

Ya sunkuyar da kai. Ni ma ban da lokacin tsayawa, na ji ƙugin mota bakin hanya.

Bayan wata motar awaki na hau. Munka wuce Malbaza hayaƙin siminti na tashi, ban ga komi ba sai takardar da na damƙe. Na isa Konni ana shirin rufe farmasi, na samu allurar, amma motar komawa babu sai da gari ya waye. Da hantsi na diro na sheƙa da gudu, babbar mace da ni kallabi a hannu. Na hango Yaya zaune gindin bishiya ƙofar gidan likita, zanen goyo ninke bisa cinyarta. An riga an rufe ɗiyar tun da safe, nan cikin maƙabartar garin mutane, don ƙorama ta sake kawowa ba a iya kai ta gida. Na shiga na aje allurar bisa teburin Majo, na ce ya yi wa ɗan wata.

Yaya ba ta zage ni ba. Wallahi da ta zage ni, da ta mare ni gaban jama'a, da na fi samun sauƙi. In na gaishe ta sai ta amsa lafiya lau, kamar yadda ake amsa wa mai tallar gishiri. Na kai wa maigari akwatinsa na ce ya nemi wata. Majo ya zo gaisuwa, ya zauna cikin maza ya tafi, bayan kaka anka ɗaga shi zuwa babban wuri. Daga baya na sha jin manya a rediyo suna gardamar nan, wannan ya ce rigakafi ya fi magani, wancan ya ce kuɗin bai kai ba. Ban ce kowa ya yi ƙarya ba. In babu, a ce babu, talaka ya san yadda yake yi da babu tun kakanninsa. Abin da ban yafe ba shi ne a ari bakina a yi ƙarya da shi, kuma wanda ya ara ɗan kawuna ne.

Bayan damina biyu Yaya ta sake samun ciki. Danga guda ta raba gidana da nata, ina ganin cikin na girma, ina ƙirga watanni cikin raina ba tare da ta gaya mini ba. Na sayi reza sabuwa na aje. Wata safiya na ji nishinta ta bayan danga, nishin da na sani tun haihuwarta ta fari. Na ɗora ruwa bisa wuta, na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na zauna bakin ƙofa inda mai kira zai same ni.

Can sai ga mijinta ya wuce ta gabana yana jan jaki. Bisa jakin wata tsohuwa ce daga ƙauyen gaba, ido guda gare ta, wadda ni kaina na sha yi wa faɗa kan yanke cibi da tsohuwar aska. Ya gaishe ni bai dube ni ba, ya shige da ita. Na ci gaba da zama, na ce ko abin zai yi wuya su aiko. Wajen azahar na ji kukan jariri, wata ta rangaɗa guɗa, mata sunka fara shiga suna barka. Babu wanda ya leƙo ta danga. Ruwan ya tafasa ya ƙone har tukunya ta fara ƙauri, na tashi na sauke ta.